Awa Takwas Cikin Shekara Goma Sha Takwas

Babanmu ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin dare a gidan ruwa. Injuna uku yake kula da su, masu tura ruwa zuwa babban tankin da ke kan tudu. Ya duba mai, ya saurari ƙarar kowanne, ya kashe wanda ya ɗau zafi ya tayar da ɗan'uwansa. In injuna suka kama hanya, sai ya ja kujerarsa ta ƙarfe zuwa bakin ƙofa ya zauna. Ba rediyo, don ƙarar inji ba ta bari a ji komai, ba kuma abokin hira. Katanga ce a gabansa, saman katanga kuwa sarari. A nan ya kamu da son wata.

Ya sha ba mu labarin yadda abin ya fara. A shekararsa ta farko, yana zaune shi kaɗai, sai ya ga baƙi yana cin gefen wata. Ya san husufi ne, amma bai taɓa zama ya kalle shi daga farko har ƙarshe ba. Da ya wuce, sai ya zaro ɗan littafin da yake rubuta lambobin kayan gyara, ya juya bayansa, ya rubuta ranar. Daga nan bai daina ba. Kowane dare layi ɗaya: ko wata ya fito, ta wane gefen tanki ya ɓullo, girmansa, ko an yi hadari. In an yi husufi sai ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya ƙara 'yan kalmomi.

Mamanmu takan ce in ana neman babanmu a taro ba sai an yi tambaya ba, a duba wanda haɓarsa ke sama.

Ni ce auta a cikin mu biyar, kuma har yau da na haifi uku ba wanda ke kirana da wani suna a gidanmu sai Auta. Babanmu iyakarsa firamare, aka cire shi ya kama aiki. Da na shiga sakandare, in na yi barci sai ya ɗauki littafina na kimiyya ya tafi da shi wurin aiki, da safe in same shi yana warin man inji. A ciki ya karanta cewa husufin wata inuwar duniya ce, in duniya ta shiga tsakanin rana da wata. Ya yi kwana uku yana murna kamar an ƙara masa girma a ofis. Ni kuwa karatu ya miƙe mini har na zama malama a kwalejin horar da malamai, ina koyar da kimiyyar sararin samaniya da tarihinta. Duk wanda ya tambaye ni inda na samo sha'awar abin, sai in ce wurin malamaina. Ban taɓa cewa wurinsa ba, don a lokacin ban ɗauki abin da yake yi ilimi ba. Hali na ɗauke shi, irin na tsofaffi, kamar mai tara tsofaffin batura.

Shekara biyu bayan ya yi ritaya, wata ranar Asabar na je gaishe su tare da maigidana. Mama ta tare ni a ƙofa tana riƙe da tsintsiya.

"Gara da kika zo. Shiga ki ga ɗakin babanki. Wata biyu ke nan ya hana ni shara, wai zan share masa shekaru."

Na shiga na tarar da tsofaffin kalandu a shimfiɗe, sun rufe ƙasan ɗakin, ya danne kowace da dutse ko kofi. Littattafansa na aljihu suna jere a kan gado, sun fi arba'in. Yana durƙushe da fensir a bayan kunne.

"Auta! Bi ta gefe, kar ki taka shekarar da aka haife ki. Zauna nan. Kai ma ɗana, zauna. Na gano wani abu."

Muka zauna a bakin gado. Ya ce da ya daina aiki, barcin dare ya ƙi zuwa masa, sai ya fara kwashe duk husufin da ya rubuta yana ƙirga kwanakin da ke tsakaninsu, ɗaya bayan ɗaya, da fensir. Ya yi wata da watanni bai ga komai ba. Rannan sai ya ga lamba ɗaya ta fito sau biyu. Ya ƙara bincike, ta fito ta uku.

"Dare dubu shida da ɗari biyar da tamanin da biyar," ya ce, yana buga yatsa a kan takarda. "Shekara goma sha takwas da kwana goma sha ɗaya. Duba nan. Wannan husufi, ƙirga daga shi, ga ɗan'uwansa. Wannan ma, ga nasa. Wannan ma. Dawowa suke yi, Auta! Ba haka kawai suke faɗowa ba, kowanne yana da ranar komawarsa."

Maigidana, wanda direban motar asibiti ne kuma bai damu da sama ba sai in za a yi ruwa, ya ce, "Ikon Allah. To Baba, sauran da ba su dawo ba fa?"

"Hadari ne, ko kuwa ranar hutuna ce na yi barci. Amma tsaya ka ji babban. Akwai wanda na gani shekara goma sha takwas da suka wuce. Na ƙirga sau huɗu. Saura mako uku ya dawo, daren Lahadi."

Yana kallona, idanunsa na ƙyalli. Jira yake in yi magana.

Na sha tunanin wannan minti ɗin. Mutum ne da ba shi da malami, ba shi da na'ura, sai ido da fensir da haƙuri, ya tono abin da manyan masana na da suka tono. Ko a cikin ɗalibaina aka sami wanda ya yi rabin haka, da na kai shi gaban shugaban kwaleji. Amma abin da ya fito daga bakina, har da 'yar dariya, shi ne:

"Ai Baba, wannan an daɗe da sanin shi. Mutanen Babila sun gano shi fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, a kan laka ma suka rubuta. Har suna gare shi. 'Yan ajin farko nake koya wa."

Ya zare fensir daga bayan kunnensa, ya duba shi, ya mayar.

"An san shi?"

"Tuntuni."

"Har yara?"

"Yana cikin manhaja."

Maigidana ya taka mini ƙafa. Ni kuwa hankalina ya riga ya tafi kan takardar, don na hango wani abu. A kowane husufi da ya haɗa da ɗan'uwansa, na farkon ya rubuta a gefensa "da farin dare", na biyun kuma "gab da asuba". Duka ukun haka suke. Dalili kuwa, lissafin ba cikakkun kwanaki ba ne, akwai rarar awa takwas a kai. Husufi yana dawowa, amma sai ya makara da awa takwas, kafin nan duniya ta juya kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya dogara da shi yanzu, a gefensa da hannunsa ya rubuta "gab da asuba". In aka ƙara awa takwas, tsakar rana ke nan. Za a yi husufin, amma wata yana can ƙarƙashinmu, mutanen ɗaya gefen duniya ne za su gani.

"Kuma Baba, akwai wani abu a nan da ba ka lura..."

"Ya isa, Auta."

"A'a, ka tsaya ka ji, ai..."

"Na ce ya isa. Bar mini sauran." Ya fara tattara takardunsa. Sai ya ɗago ya ce, ba da faɗa ba, "Ke abin da aka faɗa miki kike faɗa wa yara. In tambaye ki, sau nawa kika zauna kika kalli husufi da idonki, daga farawarsa har ƙarewarsa?"

Ban taɓa ba. Hotuna na sani, da zane a kan allo. Ya san haka, maigidana ma ya sani, don shi nake cewa ya tashe ni in kuma ƙi tashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, musamman da aka yi a gaban miji. Na miƙe na gyara mayafina.

"Shi ke nan, Baba. Allah ya kai mu daren Lahadin."

A mota na faɗa wa maigidana zancen awa takwas. Da muka wuce shataletale, sai ya ce, "To ki kira shi yanzu ki faɗa masa."

"Ai ka ji shi. Cewa ya yi in bar masa sauran."

"Haushi ya ji. Ke ma kin san ba haka yake nufi ba."

"Ni ai aku ce, abin da aka faɗa mini nake maimaitawa. Bari mai ido ya gani da idonsa."

"Da mahaifinki kike wannan?"

Na juya fuska waje.

Mako uku ba kwana uku ba ne. Sau biyu na ɗauki waya na nemo lambarsa na ajiye. Na kira Mama muka sha hira a kan ciwon gwiwarta, a ƙarshe ta ce, "Babanki fa ya gayyaci unguwa. Ya aro benci shida, ya aika wa tsohon injiniyansu, har mai kantin magani ya ce zai rufe da wuri ya zo." Na ce, "To." Na riƙa gaya wa kaina wataƙila a yi hadari a daren, kowa ya watse, ba wanda ya ji kunya. Wani lokacin kuma, gaskiyar magana, sai in ji ina so sama ta yi tas, ya juyo ya tambaye ni a gaban kowa, ni kuma in yi bayani.

Daren Lahadi sama ta yi tas. Ko ɗigon gajimare babu.

A filin da ke gaban shagon tela aka jera bencin. Telan nan aminin babanmu ne tun suna samari, Kawu muke ce masa. Shi ya jawo waya daga shagonsa ya sa ƙwan lantarki, shi ya dafa shayi a babbar tukunya. Mutane sun kai talatin, ban da masu leƙe daga ƙofar gida. Tsohon injiniya ya zo a motarsa, aka ba shi kujera mai hannu. Babanmu ya sa rigarsa mafi kyau, ya aske gemu. Da ya gan ni sai ya yi murmushi kamar ba abin da ya faru tsakaninmu.

"Ga malama ta zo. Ku ba ta wuri a gaba."

Na zauna a gaba.

Ya ɗauki tocila, da ƙwallo, da lemo. Ya ba Kawu tocila ya ce shi ne rana, ya ba mai kantin magani ƙwallo ya ce shi ne duniya.

"Ni duk duniya?" in ji mai kantin magani. "A faɗa wa matata, ta daina raina ni."

Aka yi dariya. Babanmu ya riƙe lemo yana kewaya shi a hankali, har lemon ya shiga inuwar ƙwallo ya dushe. Ya nuna musu abin da ya sa ba kowane wata ake yi ba: ya ɗaga lemon sama kaɗan, inuwa ta wuce ta ƙasa, ya saukar da shi, ta wuce ta sama. Shekara tara ina koyar da wannan darasi, ban taɓa iya bayyana shi haka ba. Wata tsohuwa da ke sayar da gawayi ta ce, "Au, ashe abin ba wuya." Injiniya ya jinjina kai ya ce, "Shekara goma sha biyar muna aiki tare, ban san masani nake ba umarni ba."

"Ƙarfe nawa zai fara?" wani ya tambaya.

"A daren nan dai," in ji babanmu. "Na baya gab da asuba ya zo. Mai haƙuri zai gani."

Maigidana yana tsaye a baya, yana kallona. Har a lokacin da sauran dama. Da na ja shi gefe na ce Baba, duba abin da ka rubuta a gefen kowanne, da shi da kansa zai gano, ya tsaya gaban mutane ya ce musu ba mu za mu gani ba, ga dalili, ku jira labari gobe da rana. Da ya fi burge su. Amma sai na ga in na yi magana yanzu, tambaya ta gaba ita ce me ya hana ni faɗa tun mako uku. Na karɓi kofin shayi na riƙe.

Wajen sha biyu masu yara suka fara zamewa. Ƙarfe ɗaya injiniya ya duba agogo, ya ce likita ya hana shi sanyi, a buga masa waya in an fara. Ƙarfe uku shayi ya ƙare, raha ta fara sauya launi.

"Baba, ko watan ma ya yi ritaya ne?"

"Ƙila bai sami takardar gayyata ba."

"A'a, injin tura inuwar ne ya tsaya, babu mai gyara."

Babanmu yana yin dariya tare da su, yana cewa da saura. Amma na ga ya zaro takardarsa ya haska da tocila, leɓensa na motsi. Ya mayar aljihu. Ya sake zarowa.

Da gari ya fara wayewa, mu biyar muka rage: shi, da Mama, da Kawu, da ni, da maigidana. Wata ya sauka bayan rufin gidaje fari fat, cikakke, ko ƙwarzane babu. Kawu ya dafa kafaɗarsa.

"Tashi mu je, abokina. Ni ma na sha yanka yadi ya ƙi kaiwa."

Babanmu ya ɗauki benci ɗaya da kansa ya nufi inda ya aro, ya hana kowa taya shi.

Ban tafi aiki ba ranar. Na kwanta a ɗakin Mama, barci ya ƙi. Ina jin motsin takardu ta bango, yana ƙirga daga farko. Mama ta kai masa shayi da burodi, ta dawo da su.

Gab da sha biyu na rana na buɗe wayata. An fara. Wasu masu kallon taurari a can nesa sun saka na'urarsu, ana nunawa kai tsaye. Na shiga ɗakinsa na durƙusa kusa da shi na miƙa masa.

"Mene ne wannan?"

"Husufinka ne, Baba."

Ya sa tabarau. A ɗan gilashin wayar, inuwa ta ci kusan rabin wata.

"Na yaushe?"

"Na yanzu. Yanzu haka ake yi. A ɗaya gefen duniya, can dare ne."

Ya dubi taga, rana tana tsaka. Ya dubi waya. Sai ya ajiye ta a cinyarsa, ya jawo takardar nan, ya bi ta da yatsa.

"Farin dare, asuba. Farin dare, asuba." Ya tsaya. "Makara yake yi. Kowane zuwa sai ya makara. Daga farin dare zuwa asuba, awa nawa ke nan, bakwai, takwas. Wannan kuwa da asuba ya fara, in ya makara..." Ya sake duban taga. "Mun juya! Yana zuwa ya tarar mun riga mun juya masa baya. Shi ya sa sauran ba su dawo ba. Ba hadari ba ne, Auta, ba barcina ba ne!"

Bai ɗauki fiye da minti biyu ba. Fuskarsa ta washe, har ya buɗe baki zai kira Mama. Sai na ga murnar ta tsaya. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Abin da kika so faɗa mini ke nan rannan."

"E, Baba."

"Kin sani tun ranar."

"Na sani."

"Kika zo kika zauna a benci na gaba."

Mama tana bakin ƙofa, ashe ta ji komai. "Auta," ta ce, "kina kallo yaran da aka haifa a gabansa suna masa tsiya har asuba? Kina riƙe da kofi?"

"Ƙyale ta," in ji babanmu. "Ni na ce ta yi shiru, ta kuwa yi." Ya miƙo mini wayar. "Ungo, kar cajinki ya ƙare."

"Ba ka ga ƙarshensa ba, Baba."

"Na ga irinsa."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ba shi haƙuri ina kuka, ya ce ba komai, Allah ya yi mini albarka, in je in huta.

Da yamma na zaga unguwa da wayata, gida gida, ina nuna hotuna, ina cewa lissafinsa daidai ne, cikin shekara goma sha takwas awa takwas kawai ya kuskure. Kawu ya yarda, ya ce shi dama bai taɓa shakka ba. Mai kantin magani ya saurare ni da kyau, ya ce, "Allah ya ba mu 'ya'ya masu rufa mana asiri irinki." Na rantse masa ba rufin asiri ba ne, ya ce ai ya sani, ya sani. Sauran kuwa abin da suka riƙe shi ne sun kwana a waje ba su ga komai ba. Kafin mako ya zagayo an laƙaba masa suna, Baba Da Saura. Ba da mugunta ba, unguwar tana son shi. Amma in ya je sayen sabulu sai mai shago ya ce, "Baba Da Saura, yau ma da saura?" Ya yi murmushi ya karɓi kayansa.

Na so in gyara, sai na ƙara ɓatawa. Na zauna a ofis na buga masa jadawalin duk husufin da za a yi nan da shekara hamsin, na rana da na wata, da ranarsu, da awarsu, da inda za a gan su. Na kai aka yi masa bango mai kyau. Na zaci zai yi murna. Ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe, ya riƙa juya shafi a hankali har ƙarshe.

"Har da minti," ya ce.

"Har da minti, Baba. Ba za ka sake shan wahalar ƙirga ba."

"Har na bayan raina duk an rubuta." Ya rufe. "An gode, Auta. Aiki ya yi kyau."

Mama ta ce daga ranar ya daina fita tsakar gida kallon wata bayan cin abinci. Ya ba ta izini ta share ɗaki. Ya koma sauraron rediyo, yana barci da wuri kamar kowa. In na zo mukan gaisa lafiya lau, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya sa mini albarka. Ko sau ɗaya bai tayar da zancen ba. In ni na ɗauko hirar sama, sai ya ce, "Ai ku ne masana," ya tambayi maigidana lafiyar mota. Shekara ta biyu an yi husufin da ake gani daga garinmu, da farin dare ma. Na kwaso yara muka je musamman. Ya fito don jikokinsa, ya tsaya kamar minti biyar, ya ce ƙafarsa na ciwo, ya koma ciki. Ni na zauna na kalle shi har ƙarshe, karo na farko a rayuwata, ni kaɗai a kan tabarma, yara sun yi barci.

A shekara ta huɗu ƙodarsa ta fara ba shi wahala, aka kwantar da shi a asibiti. Muna karɓa-karɓa wurin jinya, ni nake zuwa da la'asar in na tashi daga aiki. Wata rana ina yanka masa kankana, ya daɗe yana kallon silin, sai ya ce:

"Auta, in tambaye ki."

"Ina ji, Baba."

"In inuwa ce, me ya sa ba ya yin baƙi ƙirin? In ya shige ciki duka, sai ya koma ja. Inuwa ai ba ta da ja."

Murna ta kama ni. Shekara huɗu ina jiran tambaya irin wannan. Na ajiye wuƙa, na gyara zama, na ce a raina wannan karon ba zan yi gaggawa ba, shi zai gano da kansa.

"To kai Baba, me kake gani? Ka tuna yadda sama take yi in rana za ta faɗi, wane launi..."

Ya juyo da kai ya dube ni. Ya gane abin da nake yi sarai.

"Kar ki yi mini irin ta 'yan aji," ya ce a hankali. "In kin sani ki faɗa. Na gaji."

Sai na faɗa masa. Na ce hasken rana yana ratsa iskar da ta lulluɓe duniya ta gefe-gefe, iskar ta tace shi ta bar jan, ta lanƙwasa shi zuwa cikin inuwar, shi ne yake sauka a kan wata. Bayanin bai daɗe ba. Ya saurara idonsa a rufe.

"To, madalla," ya ce. "Ɗan ɗaga mini matashin nan."

Na ɗaga masa. Ya ci kankana yanka biyu, ya ce ta yi sanyi da yawa. Ma'aikaciyar jinya ta shigo za ta auna shi, ta ce masu ziyara su ba da wuri, na kwashe kwanuka na fita.

Bayan kwana tara ya rasu, ranar Talata da hantsi. Ina tsaye a gaban allo babban yayanmu ya kira ni. Na ce wa ɗalibai su karanta babi na gaba, na fita neman abin hawa.